Daga Marsiyyar Gwandu Zuwa Littattafan Soyayya: Tarihin Hawayen Mai Karatu

A watan Mayun 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Sarkin Gwandu na lokacin, Malam Halilu ɗan Abdullahi, bai yarda sun haɗu ido da ido ba. Duk da haka baƙon bai bar garin hannu rabbana ba, domin wani malami ya ara masa kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai da Tumbuktu, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya sawwaƙa. Ta wannan aro ne malaman Turai suka fara sanin abin da littafin ya ƙunsa.

Ana yawan kawo wannan labari don a nuna cewa Gwandu garin littafi ne, kuma haka ne. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa daga 1805 kafin ya koma Sifawa, nan ne cibiyar yammacin daular da aka damƙa wa ƙanensa Abdullahi, nan kuma hubbaren Abdullahin yake har gobe. Idan aka tashi lissafa abin da Abdullahi ya bari, Diya'ul Hukkam da tafsirinsa Diya'ut Ta'wil ake fara ambata. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yawan hawayen da ke cikin rubutun wannan gida. Tazyinul Waraƙat, inda ya tattara waƙoƙinsa a 1813, yana ɗauke da juyayin malamai da abokan da ya rasa, da ɗacin ran mutumin da ya ga an fara karkata ga son duniya tun ba a je ko'ina ba. Da shi kansa ya rasu a 1829, ɗiyar wansa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, kamar yadda ta yi wa Muhammadu Bello a 1837, ta kuma yi wa aminiyarta A'isha daga baya.

Waɗannan waƙoƙi ba a akwati suka tsaya ba. Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa wa kowace jaji malfa da jan rawani, jajin ta koma ƙauyensu da waƙoƙin da ta haddace, ta rera wa mata a tsakar gida. Akwai na begen Annabi, akwai na tsoratarwa da kwanciyar kabari da ranar hisabi. Mace ta saurara ta yi kuka, ba wanda ya ce tarbiyyarta ta lalace. Cewa ake zuciyarta na da taushi. Saboda haka duk wanda ya ce kuka a kan rubutu baƙon abu ne da finafinan Indiya suka kawo mana, bai karanta tarihin ƙasar Gwandu ba.

Rubutun zube na boko ya zo da nasa hawayen tun ranar farko. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda ake karantawa ana dariya da jinjina. Amma a wannan zubin ne kuma aka samu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin uwar da ta bi sahun ɗanta har ƙetaren Hamada, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Ga kuma Jiki Magayi na John Tafida da East, inda mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, ramuwar gayya ta cinye kowa. Auren da kuɗi ya tilasta, wanda daga baya aka zargi marubutan Kano da cika mana kunne da shi, yana cikin littafin da hukuma ta buga aka kai makarantu tun zamanin Turawa. Sai dai masu karatun lokacin 'yan tsiraru ne, galibinsu maza, kuma a aji suke karantawa malam na tsaye.

Abubuwa uku suka sauya wannan. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, har da 'yan mata, waɗanda bayan shekara goma suka zama matasa masu iya karanta Hausa, ba su kuwa da abin karantawa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, aka ga cewa budurwa na iya zama tauraruwar littafi, ta kuma tsaya a kan wanda take so. Sannan tsadar takarda da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 suka durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai matasan Kano suka daina jiran kowa. Mutum ya rubuta labarinsa, ya tara kuɗi, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗora wa 'yan kasuwa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka taso, sunayen Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka shiga bakin yara.

A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, wato 1991, a ita ce In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya mamaye kasuwa. Littattafan sun bi hanyar da atamfa da turare ke bi daga Kano zuwa yamma, suka sauka a teburan masu sayar da littattafan addini da kayan makaranta. Da Hausar Kano aka rubuta su, wadda ta sha bamban da ta bakin mutanen Gwandu da Kalgo, amma wannan bai hana kowa bin labari ba.

Ya kamata a tuna kamannin abin, don yaran yanzu ba su san shi ba. Ɗan siririn littafi ne, takarda mara kauri, bango mai zanen saurayi da budurwa ko hoton fuska, an ɗinke shi da waya biyu a tsakiya. Ba a cika buga labari a dunƙule ba, sai na ɗaya, na biyu, na uku, kuma marubuci ya san inda zai yanke: daidai lokacin da aka shigo da goron ɗaurin aure, ko aka kwashi yarinya zuwa asibiti. Wadda ba ta da kuɗin saye sai ta karɓi haya, ta karanta a kwana ɗaya ta mayar. A makarantun kwana na 'yan mata kwafi guda kan zaga ɗaki gaba ɗaya, bango ya cire a liƙe, shafin ƙarshe ya ɓace a nemi wadda ta riga ta karanta ta ba da ƙarashen da baki. A gidajen aure kuwa, wadda ta yi makaranta takan karanta a bayyane, kishiya da ƙanwar miji da 'yar riƙo suna tsinke zogale suna saurare. Nan ake sharhin gaske. Wata ta tsine wa uwar miji ta cikin labari, wata ta ce ai yarinyar ce ba ta da kunya, wata ta yi shiru don labarin ya zo kusa da nata.

Me ke sa su kuka? A In Da So Da Ƙauna, Sumayya 'yar masu hali ce da ke son Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri mai kuɗi, ta faɗa rijiya. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsohon da ya yi jika da ita, ta gudu birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya. A Alhaki Kuikuyo Ne, magidanci ne ya kori matarsa da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yarinyar Kalgo ke buƙatar a yi mata bayaninsa. Ta gani a gidansu ko a maƙwabta, abin da ba ta taɓa gani ba shi ne a rubuta shi, a tsaya a ɓangaren wadda aka zalunta. Masu karatu sun riƙa aika wa marubuta wasiƙu ta adireshin da ke cikin littafi, wasu marubutan kuma suna jera sunayen masoyansu a shafin gaisuwa.

Manya ba su ji daɗi ba. An zargi littattafan da koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, an ce labarin rijiya zai sa wasu su kwaikwaya. A jaridu aka yi shekaru ana gwabzawa. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin abu ne mai wucewa da bai kai a kira shi adabi na ƙwarai ba, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren. Wannan muhawara ta amfani kowa. Abin da bai amfani kowa ba shi ne na 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta cinna wa tarin littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai wuta a bainar jama'a, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta nemi marubuta su yi rajista.

Ba na musun cewa akwai tarkace a cikinsu. Akwai masu kwafar fim, akwai masu cika shafi da lissafin motoci da gwala-gwalai, akwai na batsa. Amma a ganina masu ƙonawa sun yi wa hawayen nan mummunar fahimta. Yarinyar da ta kwana tana kuka saboda Abu ta kwana ne tana karatu, da harshenta, ba malamin da ya tsaya a kanta da bulala. Mata da yawa da aka yanke wa makaranta a aji shida, waɗannan 'yan littattafai ne suka hana karatunsu mutuwa. Kuma tambayar da suka dasa, wato ko ya halatta a ɗaura wa yarinya aure da wanda zuciyarta ke ƙi, tambaya ce da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa.

Yau teburin mai haya ya kusa ɓacewa. A yankin Kalgo, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, wadda aka kafa a 2013, ɗaliba a wayarta take karatu, kamar takwarorinta na ko'ina a Arewa. Labari na zuwa shafi-shafi ta WhatsApp ko Wattpad, wani kyauta, wani sai an biya. Kukan da a da ake yi a ɓoye cikin gidan sauro, yanzu a take yake isa ga marubuciya, har masu karatu su taru su roƙe ta kada ta kashe tauraro, wani lokaci kuma ta saurare su. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata zalla ta nuna yawan marubutan da wancan zamani ya raina.

Abin da ke damuna shi ne littattafan takardar. An buga su a kan takarda mai saurin ruɓewa, gara da damina sun ci da yawa, wasu kuma an ƙunshe ƙosai da su. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004 ya ƙunshi littattafai sama da 700 na tsakanin 1987 da 2002, kuma mai neman ganin yawancinsu wuri guda sai ya nufi Landan ko ɗakunan wasu 'yan tsirarun malamai a Kano. A Kebbi akwai jami'a a Kalgo, akwai wata a Aliero, akwai kwalejin ilimi a Argungu. Matan da suka karanta waɗannan littattafai suna 'yan mata a 1991 yanzu sun haura hamsin, wasunsu na da ragowar kwafe a ƙasan adaka, kuma suna iya faɗin wane labari ne ya sa su kuka da abin da ya biyo baya a gidajensu. Ɗalibin sashen Hausa da ke neman abin da zai yi bincike a kai, mota ɗaya zai shiga ya same su.