Wane Kallo Sojojin Amurka Suka Yi Wa Ƙasar Kano A Yaƙin Hitila?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Dutse, Jihar Jigawa, ya ce tsofaffi suna ba su labarin jiragen da ke ratsawa ta kansu zuwa gabas lokacin yaƙin Hitila, wai na Amurkawa ne. Yana so ya san ko gaskiya ne, in kuma sun zo, wane irin kallo suka yi wa mutanenmu.

AMSA: To Malam, tsofaffin nan ba su yi ƙarya ba. A 1940 Bahar Rum ta yi wa Ingila wuyar bi saboda Jamus da Italiya, ga shi kuwa tana bukatar jirage a Masar. Sai aka riƙa kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Ghana ta yau, a harhaɗa, su taso ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (wato Njamena), El Fashar da Hartum har Alƙahira. Abin ya yiwu ne don gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta 1940. Kamfanin Pan American ya shiga aikin a 1941, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, sa'an nan a ƙarshen 1942 sojojin samanta suka karɓe shi. Jirgin da ya tashi daga Kano ya nufi Maiduguri kuwa, ai ta sararin ƙasarku zai bi. Lokacin Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Sai a 1991 aka yi Jigawa.

Sai batun kallo. Galibin samarin nan ba su taɓa fita ƙasarsu ba, abin da suka sani na Afirka shi ne na majigi, irin fina-finan Tarzan: kurmi, namun daji, mutane ba tufafi. Suka sauka Kano suka tarar da birni mai ganuwa da ƙofofi, da sarki da alƙalai, da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Ka ga dole ido ya raina fata. Amma fa kada ka ɗauka sun san mu. Filin jirgin yana bayan gari, matuƙi kan kwana ɗaya ko biyu ya wuce, kuma abin da ya fi damunsa zazzaɓin cizon sauro ne, da ƙurar hunturu mai rufe masa hanya. Kullum cikin gidan sauro da haɗiyar ƙwayar atabirin, wadda ke mai da fata rawaya. Ku kuwa mutanen Dutse daga sama kawai ya hange ku. Bai ga manomin da aka matsa wa ya ƙara noman gyaɗa don yaƙi ba, bai ga waɗanda aka kwasa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944 ba.

Hukumar sojan Amurka ta san yaranta ba su san duniya ba, shi ya sa ta buga musu ƙananan littattafai na sa wa a aljihu: na Ingila, na Afirka ta Arewa, na Iraƙi, har da na Afirka ta Yamma a 1943. Na Iraƙi ya gargaɗi soja kada ya shiga masallaci, kada ya ci abinci da hagu, kada ya miƙa wa Musulmi giya ko naman alade, kada ya ƙura wa mata ido. Nasiha ce mai kyau, ba musu. Sai dai a ganinmu manufarta a zauna lafiya a gama yaƙi ne, ba a fahimci mutane ba.

Akwai kuma wanda ya duba ya ga talauci. A Janairun 1943 Shugaba Roosevelt, wanda shi ne babban kwamandansu, ya yada zango a Bathurst, Banjul ta yau, kan hanyarsa ta zuwa Kasabalanka. Ya ga leburori cikin tsumma, ladansu bai kai sule biyu a yini ba, abin ya tsaya masa a rai. Daga baya ya zargi Ingila da cewa abin da take kwasa a Gambiya ya ninka abin da take zubawa har sau goma. Alhali kuwa rundunar da yake shugabanta ita kanta ware baƙaƙe take yi daga farare, wurin kwana da wurin ci dabam dabam, yawancinsu kuma aikin gini da dako ake ba su, kamar waɗanda aka tura Laberiya a 1942. Ba a ba da umurnin soke wannan wariya ba sai a 1948, zamanin Shugaba Truman.

Inda suka ga mutanenmu ido da ido, ba a Kano ba ne, a ƙasar Bama ne. A 1944 bataliya uku ta sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga rundunar da Janar Wingate ya kafa don yaƙar Japan ta bayan fage. Matuƙan Amurka suna cikin masu jefa musu abinci da harsashi daga sama, su ne kuma ke sauka cikin kurmi da ƙananan jirage su ɗauko wanda aka raunata.