Matan Tatsuniyar Girkawa a Wasannin Ingila: Wa Ke da Laifi?

 Yau mun ɗauko wasiƙar wani bawan Allah mai sayar da hatsi. Ya ce ya ji an ambaci wata mace mai suna Helen, wai saboda ita aka ƙone birni guda. Yana tambaya ko wace ce ita, kuma yaya aka yi Turawan Ingila suka sa ta cikin wasan kwaikwayonsu alhali ba 'yar ƙasarsu ba ce. To malam, gyara zama, ga amsarka.

Asalin labarin na Girkawa ne. Helen matar Menelawus ce, sarkin Siparta. Faris, ɗan sarkin birnin Turoyi, ya tafi da ita garinsu. Sai Girkawa suka yi gayya, suka ƙetara teku, suka yi wa birnin zobe har shekara 10 kafin su ci shi. Kufan wannan birni yana cikin ƙasar Turkiyya ta yau, kuma an tono shi a shekarun 1870. Ita dai Helen a tatsuniya da waƙoƙin mutanen da aka san ta.

To yaya labarin ya isa Ingila? Ta hanyar makaranta. A zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603, yara maza suna koyon Latin, suna karanta littattafan Rumawa waɗanda suka aro labaran Girkawa. Da suka girma, wasunsu suka shiga rubuta wa gidajen wasa na Landan labarai. Gidan da ake kira Globe an gina shi a 1599, kuma da kwabo ɗaya talaka zai shiga ya tsaya ya yi kallo. Amma ku riƙe wannan: mata ba sa hawa dandalin waɗannan gidaje. Samari ne da muryarsu ba ta buɗe ba ake sa wa tufafin mata. Sai a 1660 mata suka fara fitowa da kansu. Ke nan namiji ya rubuta, namiji ya kwaikwaya.

Mu fara da Kiristofa Marlo, wanda aka haifa a 1564, aka kashe shi a 1593. A wasansa na Dakta Fostus, wani masani ya sayar wa Shaiɗan ransa don ya sami shekara 24 ta biyan buƙata. Da wa'adi ya matso, sai ya roƙi a kawo masa Helen. Aka kawo masa wata halitta da siffarta. Ya zuba mata yabo iya ƙarfinsa, ita kuwa ko uffan ba ta ce ba, don marubucin bai ba ta kalma ko ɗaya ba. Kyakkyawar fuska ce kawai, kuma tarkon da ya ƙarasa halaka mutumin.

Sai Wiliyam Shekspiya. Wajen 1602 ya rubuta Turoyilus da Kiresida, aka buga shi a 1609. A ciki akwai wurin da 'ya'yan sarkin Turoyi suka zauna shawara. Babbansu Hekta ya ce a mayar da Helen ga mijinta, don rayukan da ake asara sun fi ƙimarta. Ƙanensa Turoyilus ya ƙi, ya kwatanta ta da hajar da aka saya aka yi amfani da ita, ba a mayar wa mai kanti. 'Yan kasuwa, kun ji fa, ciniki ake yi da mutum, kuma ba a kira ta an tambaye ta ba. Ana cikin haka sai 'yar'uwarsu Kasandara ta faɗo tana kururuwa cewa birni zai ƙone in ba a saki Helen ba. Aka ce taɓin hankali ne. Shi kansa Hekta ya sauya magana, ya goyi bayan a ci gaba da yaƙi don kare girma. Daga baya matarsa ta yi mugun mafarki, ta roƙe shi kada ya fita fagen fama. Ya tsawata mata ya fita, kuma ranar aka kashe shi.

Ita kuwa Kiresida, an daɗe ana buga misali da ita wajen cin amana. Amma ku dubi yadda abin ya faru. Washegarin haɗuwarta da masoyinta Turoyilus aka yi musayarta da wani fursunan yaƙi, aka miƙa ta ga Girkawa. Tana isa sansani manyan mayaƙa suka riƙa sumbatarta ɗaya bayan ɗaya, sannan ɗayansu ya juya ya kira ta marar kamun kai. Lalle daga baya ta karkata ga wani Bagirke mai suna Dayomidis. To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai mace guda da ya kamata ku sani. A shekarun 1550 wata 'yar manya mai suna Jen Lamli ta fassara wasan Yurifidis na Ifijiniya, yarinyar da ubanta Agamemnon ya yarda a yanka ta don iska ta kaɗa jiragen yaƙi su tafi ƙwato Helen. A nan uwa da 'ya suna magana da bakinsu, uwar tana tambayar dalilin da za a kashe 'yarta saboda matar wani. Shi ne wasan Girkawa na farko da aka san an mayar da shi Ingilishi. Rubutun ya zauna a ajiye, ba a buga shi ba sai 1909.

To malam mai tambaya, Helen ba ta ɗauki takobi ba. Sarakuna ne suka yi gayya, su suka ƙi sulhu, sunanta kuma aka bari da laifin.