Baƙin Kalmomi a Harshen Hausa: Ma'anarsu da Asalinsu

Da yawa daga cikin kalmomin da muke amfani da su a kasuwa, kotu da ofis, baƙi ne da suka zama 'yan gida. Sanin asalinsu yana nuna mana al'ummomin da kakanninmu suka yi cuɗanya da su.

Daga Larabci, ta hanyar addini da ilimi, muka sami littafi, alƙali, hukunci, da sunayen ranaku irin su Litinin, Talata da Laraba. Daga Kanuri muka sami kasuwa, da sarautu irin su Galadima, Ciroma da Yarima. Fatauci ta hamada ya kawo mana takobi da takarda daga harshen Buzaye. Fulfulde kuwa ya ba mu sunayen dangi: baffa, wato ɗan'uwan uba, kawu, ɗan'uwan uwa, da gwaggo, 'yar'uwar uba. Ashana, agogo da akawu daga Yarbanci suke.

Mulkin mallaka ya raba ƙasar Hausa gida biyu ta fuskar aro. A Nijeriya Turancin Ingilishi ya ba mu asibiti, tebur, fam da sule, waɗanda dattawa suka ci gaba da lissafi da su bayan shigowar naira a 1973. A Nijar kuwa daga Faransanci aka yi aro, shi ya sa ake kiran makarantar boko lakwal, babbar mota kuma kamyo.

Akwai kuma kalmomin zamani. Babur ɗin haya acaɓa ne a Kano, kabu-kabu a Sakkwato, okada a kudancin ƙasar nan, daga sunan wani tsohon kamfanin jiragen sama. Keke Napep ya samo suna daga shirin yaƙi da talauci na Gwamnatin Tarayya na 2001, amma a Kano A Daidaita Sahu ake ce masa, daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau.

Saboda haka muna jan hankalin ma'aikatan ƙananan hukumomi, malaman gona da jami'an lafiya, musamman na yankunan kan iyaka, da su riƙa tantance kalmar da mutanen yankinsu suka sani kafin su fitar da sanarwa. Sanarwar rigakafi ko rabon taki da manomi bai fahimta ba, tamkar ba a yi ta ba ne.