Kundin Waƙoƙin Sharhabil Ahmad da Gurbin Muryar Hausawa a Tarihin Kiɗan Sudan

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020 kamfanin Habibi Funk da ke birnin Balin na ƙasar Jamus ya fitar da faifai mai suna The King of Sudanese Jazz, wanda ya tattaro tsofaffin waƙoƙin Sharhabil Ahmad wuri guda. Wannan takarda za ta dubi faifan a matsayin kundin tarihi, sannan ta auna shi da halin da waƙar Hausawan Sudan take ciki, musamman mazauna ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu.

2.0 Sharhabil da Taskar Rediyo

An haifi Sharhabil a Umdurman a 1935. Ya yi karatun zane a Hartum, ya kuma daɗe yana yi wa mujallar yara ta Al-Sibyan zane-zane. Abin da ya fito da shi shi ne jitar lantarki. Ya ɗauki kiɗan rok na Amurka da salon jitar Kwango, ya ɗora su a kan karin waƙar Sudan, matarsa Zakiyya kuma tana kaɗa jita a ƙungiyarsa. Wannan gauraye ne 'yan Sudan ke kira jaz, ko da yake ya sha bamban da jaz ɗin Amurka.

Abin lura shi ne faifan ya fito ne mawaƙin yana da shekara 85. Dalilin jinkirin yana cikin tsarin adana waƙa a ƙasar. Tun da aka buɗe Rediyon Umdurman a 1940, gidan rediyon ne babbar ƙofar mawaƙa. Can ake ɗaukar waƙa, can ake ajiye tef ɗin, kuma ba kasafai mawaƙi kan fito da kwafinsa ba. Kamal Keila, wani makaɗin jaz, ya yi dace da tef biyu na rediyo sun saura a hannunsa, kuma daga cikinsu aka fitar da faifansa a 2018. Ke nan kundi irin wannan bai nuna duk wanda ya iya waƙa ba. Wanda tef ɗinsa ya tsira, aka kuma sami mai kuɗin gyara shi, shi yake nunawa.

3.0 Hausawan Jazira da A'isha Falatiya

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai Hausawa Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai ƙwadago ya tsayar da mahajjata da yawa, suka kafa ƙauyuka a gefen gonaki da unguwanni a Wad Madani. 'Yan ƙasa kan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari su kira su Fallata, kuma sau da yawa da raini ake faɗin sunan.

Masana sun yi aiki a kan wannan al'umma. Mark Duffield ya rubuta littafi a kan tattalin arzikin Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya nazarci zaman jiran hajji a 1995, Al-Amin Abu Manga kuma ya bi yadda Hausar Sudan ke aron Larabci a 1999. Ayyukan sun fi karkata ga noma da addini da harshe.

Amma fa daga cikin waɗannan Fallata ne macen da ta buɗe wa matan Sudan ƙofar rediyo ta fito. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, an haife ta a Kasala, mahaifinta malamin allo ne mai asali daga Nijeriya ta Arewa. Ta fara da waƙar biki a Umdurman, ta je Alƙahira aka ɗauki waƙoƙinta a faifan garmaho, sannan a farkon shekarun 1940 aka ji muryarta a rediyo, a lokacin da ake ganin waƙar mace a bainar jama'a abin kunya ne. A Yaƙin Duniya na Biyu ta yi wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu. Ta rasu a 1974.

Ɗalibin harshe zai lura cewa da Larabcin Sudan ta yi suna, ko da yake ta yi waƙa da Hausa. Laƙabinta ya tona asalinta, amma harshen da ya shigar da ita rediyo na birni ne. Ita kuwa waƙar biki da ta gona da begen Annabi da ake yi da Hausa a ƙauyukan Jazira, wurinta dandali ne da tsakar gida, nesa da ɗakin ɗaukar sauti na Umdurman.

4.0 Yaƙin 2023

Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, dakarun RSF suka mamaye ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda taskar take, sai a watan Maris na 2024 sojoji suka karɓe shi. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, aka ƙwato ta a Janairun 2025, bayan ɗimbin mutanen Jazira sun yi gudun hijira. Waƙoƙin da ke cikin faifan Sharhabil sun riga sun bazu a duniya shekara uku kafin a harba harsashin farko. Akasarin na A'isha kuwa rediyon ne ya ɗauka ya ajiye. Su kuma waƙoƙin ƙauye suna bakin tsofaffin mata da makaɗa, waɗanda yaƙi ya watsa da yawansu zuwa Gadarif da Kasala da Fot Sudan.