Daddoya: Ƙamshin Gida da Muke Neman Mantawa

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san ƙamshin daddoya tun kafin ya san sunanta. Da ruwan farko ya sauka, sai ta tsiro da kanta a bayan danga da bakin fadama, ba mai shuka ta, ba mai yi mata ban-ruwa.

Iyayenmu mata, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ba su ɗauke ta ciyawa ba. Da ita suke kashe ƙarnin kifi da na kayan ciki a farfesu. In mura ta kama yaro, a tafasa ganyenta a yi masa sirace. In ciki ya murɗa, a ba shi ruwanta ya sha. Da magariba kuwa a jefa ta a garwashi, hayaƙinta ya kori sauro.

Wannan sani ya shiga takarda tun da daɗewa. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirranmu cikin littafinsa na 1916, sannan a 1937 ya fitar da wani a kan amfaninsu. Daga bakin magabatanmu ya ji. Masana sun nuna cewa daddoya dangi ɗaya suke da na'ana'a da kuma oregano, ganyen dajin nan da mutanen Sham ke haɗa za'atar da shi. Man da ke cikin ganyenta yana da sinadarin da ke hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sai dai ba ta warkar da zazzaɓin cizon sauro. Wannan na asibiti ne.

To yau fa? Noman rani ya cinye bakin fadama, maganin feshi ya share kan iyakar gonaki, mu kuma da ke birni mun koma ga dunƙulen magi da kori na leda. 'Ya'yanmu da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In muka zo hutun Sallah, mu zauna da tsofaffinmu, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. Mu kuma tafi da irinta. Ko a tsohon bokiti aka shuka ta, za ta yi.

Allah Ya albarkaci garinmu da zuriyarsa, amin.