Gyaɗa ta tafi, kasuwar Maraɗi ba ta tafi ba



Kullum muna kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar, amma ba kasafai muke tambayar yadda anka yi ta zama haka ba. Ba ta da teku, ba ta da ma'adinai. Gyaɗa ce ta tashe ta, kuma yau wajen shekara 50 kenan da gyaɗar ta daina riƙe garin. To mi ya riƙe shi?

Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Hausa ta samu hanyar zuwa teku. Sannu a hankali cinikinta ya hauro yankunan Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai. Gidajen cinikin Annasara irin su CFAO da SCOA sunka buɗe kantuna. Amma Annasara ba ya iya bin kasuwannin ƙauye da kansa. Sai in kaka ta yi, ya ɗauki kuɗi ya ba ɗan ƙasa wanda ya yarda da shi, ya sayo masa gyaɗa, a auna, a ba shi ladansa. Shi ma ɗan ƙasar ba ya iya cin kasuwa biyar rana guda, sai ya raba kuɗin ga barorinsa, kowa ya kama hanya. Babu takarda, babu sa hannu. Wanda ya ci amana bana, baɗi ba mai sake miƙa masa ko dala. Da yawa daga cikin waɗanda daga baya anka riƙa kira Alhazan Maraɗi, a wannan makaranta sunka koyi aiki.

Bayan samun ƴancin kai, a 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA, ta ɗauki fitar da gyaɗa waje a hannunta. A shekarun nan gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da Nijar ke saidawa ƙetare. Sai fari ya sauko daga 1968 har zuwa 1974, a 1975 kuma cutar da darɓa ke yaɗawa ta ƙarasa gonakin. Manoma sunka koma ga hatsi da wake, iraniyom na Arlit ya karɓi matsayin gyaɗa a asusun ƙasa.

A lissafi, nan ya kamata kasuwar Maraɗi ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Tun lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, ƴan kasuwar garin sun riga sun gane cewa Najeriya na neman kaya ta wannan gefe. Da Najeriya ta hana shigo da wasu kaya ta tashoshinta, sai taranzit ya kankama: taba sigari da atamfa su sauka Kwatano ko Lome, su hauro Maraɗi, su tsallaka zuwa Jibiya, Katsina da Kano. Kaya sun canza, mutanen ba su canza ba. Baran da ya san kasuwa da sikeli jiya, shi ne yau ke rakiyar mota, shi ya san abokin hulɗa na tsallake wanda za a ba kaya bashi a kwana da hankali kwance. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, Les Alhazai de Maradi, kuma ya tsaya sosai kan kalmar da iyayenmu ke faɗi: arzikin mutane.

Ya wannan arziki ke taruwa? Bara ba shi da albashi ƙarshen wata. Amma ubangida ne cinsa da suturarsa, shi zai yi masa aure, shi zai tsaya ranar suna. Yana ƙyale shi ya juya ɗan cinikinsa a gefe. In ya ga ya ƙosa, sai ya ba shi jari ko kaya bashi, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Wanda anka sallama bai ɓace ma gidan ba: ya zama sabon mai sayen kaya, sabon kunne a wata kasuwa. Da irin wannan sarƙa anka jure rufe iyaka na 1984 zuwa 1986, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da rufewar 2019 da ta 2023.

Kada mu shafa ma tarihi mai. Akwai iyayen gida da sunka riƙe bara har furfura ba sallama. Akwai manyan gidaje da sunka watse wajen rabon gado, don duk lissafin yana cikin kan Alhaji: wa ake bi, wa ke bi, ba wanda ya sani sai shi.

Abin da ke damunmu shi ne yau mun ɗauki rabin tsarin, mun bar rabi. Ku duba yaran shago a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Da yawa ba albashi, kamar da. Amma maganar jari da sallama babu ita. Yaro zai yi shekara bakwai yana buɗe shago yana rufewa, bai san inda ake sarin kayan ba, bai san nawa anka saro su ba. Ran da ya gaji ya kama kabu-kabu ko ya nufi Agadas, sai mu ce yaran zamani ba su da haƙuri. Baran da can ya yi haƙuri ne don ya ga inda wanda ya gabace shi ya kai.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ran da za ka ɗauki yaro, ku zauna gaban iyayensa da shaidu: shekara nawa, kuma mi zai fita da shi. A sa a takarda, tunda yanzu ƴan lakkal sun cika gidaje, kuma addini ma ya yi umurni a rubuta bashi. A samu kaye na shiga da fita wanda wani bayan mai gida zai iya karantawa. A riƙa tafiya da yaro wurin sari. Mai tsoron kada yaronsa ya san hanya ya tuna shi ma wani ne ya nuna masa.

Iyaka za ta sake rufewa wata rana, kayan da ke ci yau za su daina ci, kamar yadda gyaɗa ta yi. Ku iyayen gida da ke karanta mu, yara nawa kunka sallama da jari? Ku kuma yaran shago, an taɓa yi muku maganar ranar sallama?

Allah ya sa albarka cikin nemanmu.