Gubar dalma da maganin da ke fitar da ita daga jiki

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da taushi. Ana samun ta cikin tsohon batirin mota, da wasu irin fenti, da kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido. A wasu wurare kuma tana haɗe da dutsen zinariya. Jikin mutum ba ya da buƙatarta ko kaɗan. Idan ta shiga ta baki ko ta hanci, takan bi jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, sauran kuma ta kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru.

Ƙananan yara ne suka fi cutuwa, domin suna rarrafe cikin ƙasa suna kai hannu baki, kuma hanjinsu ya fi na babba tsotse ta. Mace mai juna biyu ma takan isar da ita ga ɗan da ke cikinta.

A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, ba nisa da yankin Maraɗi, yara suka riƙa mutuwa a ƙauyuka kamar Dareta da Ƴargalma. Yaro zai kama amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. Da farko an zaci masassara ce ko sanƙarau. Da aka auna jini, sai aka gano dalma ce. Mutane na kawo dutsen zinariya cikin gida, ana daka shi, ana niƙa shi, ƙura na sauka inda yara ke wasa da cin abinci. Yara fiye da 400 suka rasu.

Akwai magani. Aikinsa shi ne ya damƙe dalmar da ke cikin jini, kamar yadda awartaki ke kama ƙarfe a maƙera, sa'an nan su fita tare cikin fitsari. Wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aiki da shi a Zamfara sunansa DMSA, kuma haɗiya ake yi. Yawanci ana shan shi kwana 19: sau uku a yini na kwana 5, sa'an nan sau biyu a yini na kwana 14. Idan ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, akan kwantar da yaro a yi masa allurar wani magani mai suna EDTA.

Ba kowane yaro ake ba shi ba. Sai an auna jini an ga gubar ta kai wani mizani. Maganin yakan tafi da wasu sinadarai masu amfani ga jiki, shi ya sa ba abin saye ba ne a tebur ko wurin mai talla. Sau da yawa ma sai an maimaita sha, domin dalmar da ke ƙashi tana komowa cikin jini a hankali.

Abu biyu ne maganin ba ya iyawa. Ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace. Wasu yaran sun rayu, amma da makanta ko wuyar koyon karatu. Kuma ba ya tsare yaron da ya koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Saboda haka a Zamfara sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka zuba sabuwa. A garin Bagega wannan aiki bai samu ba sai 2013, kuma sai bayan an fara shi yaran garin suka soma samun magani.

Mai aikin haƙar zinariya, kada ya kai dutse gida. Ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Idan yaron gidansa ya kama jijjiga, a faɗa wa ma'aikacin kiwon lafiya irin sana'ar da ake yi a gidan.